Ranar da Muka Je Share Tsibirin da Ba Shi da Shara

Na manta sunayen rabin 'yan ajinmu, na manta yawancin abin da aka koya mana, amma akwai wata Asabar da na tabbata ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Ita ce ranar da aka kai mu wani tsibirin yashi a tsakiyar tafkin Kainji domin mu kwashe shara. Abu na farko da na lura da shi da na sauko daga jirgi, ruwa na jiƙa mini bakin siket, shi ne babu shara. Ko leda ɗaya babu. Yashi ne fari tas kamar an tankaɗe shi da rariya, sai sawun tsuntsaye da suka bi bakin ruwa, kowane sawu yatsu uku. Na dubi tulin buhunan da muka ɗauko, na dubi yashin, na yi shiru. A lokacin, shiru shi ne abin da na fi iyawa.

Shekarata goma sha huɗu, ina aji uku a wata makarantar 'yan mata a nan Kontagora. Irin yaran nan ne ni da idan malami ya kira sunansu sai su sunkuyar da kai. Kuma ana yabona a kan haka. A gida a ce ga kunya, a makaranta a ce ga natsuwa. Ni ma har na yarda cewa wani abin kirki nake yi.

Wadda ta shirya tafiyar wata 'yar garinmu ce da ta yi karatu a ƙasar waje, ta dawo da ƙaton tabarau da ƙungiyar kare muhalli. Anti muke ce mata. Kowace magana za ta yi sai ta fara da "lokacin da nake can". Ranar da ta zo ajinmu ta zagaya da wayarta tana nuna mana hotunan wasu tsibiran yashi a tsakiyar teku, ruwa shuɗi kamar an zuba masa shuni, babu gida babu mutum, sai ita tsaye da malafa tana murmushi. Ta ce a can ko ɓawon gyaɗa ka yar sai an kama ka. "Mu kuwa," in ji ta, "ku je ku ga yadda mutanenmu suka mayar da namu tsibiran juji." Babu wadda ta tambaye ta ko ta taɓa zuwa namu tsibiran. Daga baya na gane ko bakin tafkin ba ta taɓa takawa ba. Makaranta ta haɗa ta da malaminmu na labarin ƙasa, mutumin da ya zana mana tafkin nan a allo ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, shi ma ashe a littafi kaɗai ya san shi. Ni kuma aka sa ni cikin masu tafiya saboda rubutuna yana da kyau, ni zan rubuta rahoto.

Lokacin hanya da sauran lafiya. Muka tashi bayan asuba a bas, muka bi ta Ibeto da Salka, hantsi ya yi muka isa wani ƙauye a bakin ruwa. Ƙarshen bazara ne, ruwan tafkin ya janye sosai, shi ya sa yashin tsakiya yake fitowa fili. Mutanen wurin gungu suke ce wa irin wannan tsibiri, inda jirage ke tsayawa kuma su ce kwata. Duk da janyewar, ban taɓa ganin ruwa mai yawan wannan ba. Ba a hango ɗaya gefen. Wata 'yar ajinmu ta ce ai wannan shi ne teku, Anti ta yi dariya har da riƙe ciki.

Jirgin da aka yi magana da shi na wani tsoho ne siriri, gashin girarsa duk ya yi fari. Baba kowa ke ce masa. Kafin mu shiga sai ga sarkin jirgi, wato shugaban masu jiragen kwatar, wanda babu jirgin da ke tashi sai da saninsa. Dattijo ne mai jiki, da ƙaramar rediyo rataye a wuya. Ya ja Baba gefe, amma muryarsa ba ta iya raɗa ba.

"Kai ka karɓi baƙin nan, ko?"

"Ni ne, sarki."

"To ka san ƙa'ida. Ka faɗa musu tun a nan. In aka taɓa kayan gungu alhali ba ka faɗa ba, jirginka zai hau tudu. Ba zai sake shiga ruwa ba sai ruwa ya dawo ya rufe yashi."

Ya wuce can ƙarshen kwata inda wasu ke gardama a kan lodin buhunan kifi. Baba kuwa ya nufo Anti da Malam kai tsaye. Ina tsaye daf da su, domin ni ke riƙe wa Anti jakarta. Ya ɗan rusuna, ya ce da irin Hausar mutanen ruwa mai jan ƙarshen magana, "Hajiya, Malam, akwai kaya a kan gungun, can wajen da ya fi tudu. Na jama'a ne. Ku yi wasanku, ku yi hotonku, amma don Allah kada a taɓa."

Anti ko ɗago kai daga waya ba ta yi ba. "Mun ji, Baba, mun ji. Mu fa aikinmu ke nan."

Malam ya dafa kafaɗarsa. "Kwantar da hankalinka, tsoho. Ai ni nake koyar da su tafkin nan."

Da kunnena na ji.

Jirgin bai iya ɗaukarmu duka ba, sai aka raba mu biyu. Mu muka fara tafiya tare da Anti da Malam, wanda tun da inji ya tashi ya ƙanƙame katakon gefe da hannu biyu, bakinsa na motsi, bai ƙara koyar da kowa komai ba har muka isa. Baba ya sauke mu, ya juya don ya ɗauko sauran ɗalibai da kulolin abinci. Ya ce zai ɗan jima, iska ta fara juyawa.

Tsibirin bai fi a zagaye shi cikin rabin awa ba. Babu itace, babu ciyawa sai 'yar kaɗan, babu inuwa. Wasu tsuntsaye farare masu jan baki suka tashi suna kuka a kanmu. Yashin bakin ruwa sanyi ƙalau, taku biyar gaba kuma ya ƙone maka tafin ƙafa. Da an bar ni da sai in zauna in kalli ƙananan kifayen da ke zuwa suna taɓa mini yatsu har a tashi. Amma Anti ta raba mana safar hannu da buhuna, ta ce mu bazu. Muka bazu. Muka zagaya muka dawo, abin da aka samu duka shi ne murfin kwalba guda da wani silifa da ruwa ya kawo. Fuskar Anti ta canza. Ta tara mutane, ta buga riguna, ta yi alkawarin hotuna, ga shi sharar ta ƙi ba da haɗin kai.

Sai wata ta ƙwala kira daga can tudun: "Anti! Ga ta nan!"

Muka ruga. A wurin da ya fi ko'ina tsawo an kafa wata doguwar gora, da jan tsumma ɗaure a samanta. A gindinta tukwane uku na ƙasa, an binne su har wuya, kowacce da murfi ɗaure da igiya. Gefe ga damin itace an ɗora shi a kan duwatsu, an rufe da tsohon tamfol, an danne. Can gaba kaɗan kuma an jera wasu duwatsu a layi, da ɗan lanƙwasa a tsakiya.

Ni dai abin da idona ya fara kamawa shi ne igiyar. Sabuwa ce, kuma ƙullin irin wanda ake ja sau ɗaya ya kwance. Itacen an faskara shi daidai tsawon hannu. Wanda ya yi wannan aiki yana son wani ya zo ya samu. Kuma na tuna maganar Baba. Kalmar ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye ta.

"Kun gani?" in ji Anti, murna ta dawo mata. "Shara. Tsummoki, tsofaffin tukwane. Me na faɗa muku?"

Malam, da ƙafarsa ta taka ƙasa ilminsa ya dawo, ya zagaya wurin yana girgiza kai. "Hajiya, wannan ya wuce shara. Wannan tsafi ne. Dubi jan ƙyalle. Dubi duwatsun can, ai nan suke yanka. Shi ya sa tsohon ya ce kada a taɓa."

'Yan mata suka ja da baya ana ta a'uzubillahi. Ka ga, ashe Malam ya ji abin da tsohon ya faɗa sarai.

Malam ya yi bisimilla da ƙarfi don kowa ya ji, ya kwance tukunyar farko. Ashana ce a ciki, an naɗe ta cikin leda ninki uku, da ƙullin gishiri, da kwalin maganin zazzaɓi. Ta biyu garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli. Ta uku ƙugiyoyi da zare da ƙaramar wuƙa da ƙaramin kwano. Ko yaron goye ya ga wannan ya san kayan mai jin yunwa ne da sanyi. Amma Malam ya ɗaga gishirin sama ya ce aljanun ruwa ba sa karɓar hadaya sai da gishiri, kamar ya taɓa cin abinci tare da su. Maganin zazzaɓin ne kawai bai samu bayaninsa ba, sai ya tura shi gefe da ƙafa. Ya ɗauki dutse ya fasa tukwanen ɗaya bayan ɗaya yana kabbara, wasu daga cikinmu suna amsawa.

Anti ba ruwanta da aljanu, hoto take so. Ta ce ana buƙatar hoton kafin aiki da na bayan aiki. Don haka kafin mu share sai da muka ɓata. Aka watsa itacen, aka barbaza garin a kan yashi, aka yaga tamfol ɗin. Da ta ga bai isa ba, ta sa muka shanye ruwan ledar da muka zo da shi, muka cinye biskit, muka zubar da ledojin a wurin. Wato sharar da aka samu a wannan tsibiri, mu muka kawo ta daga Kontagora a cikin bas. Ta ɗauki hoto ta gabas, ta ɗauka ta yamma, ta ce mu ɓata fuska kamar abin ya dame mu. Sannan muka tsince komai muka zuba a buhu, aka tumɓuke gorar, Malam ya sa aka yi jifa da duwatsun layin nan cikin ruwa. Aka sake hoto, wannan karon da murmushi. Ni ce mai riƙe da bakin buhu a tsakiya.

Azahar ta yi, rana tana tsaka, ruwa ta ko'ina. Malam ya yi alwala, ya miƙe, ya juya dama, ya juya hagu. Malamin labarin ƙasa ya rasa gabas. Yana cikin wannan juye-juye jirgin Baba ya iso.

Tsohon bai jira jirgi ya gama tsayawa ba. Ina jin tun daga nesa ya ga babu gorar. Ya hau tudun da sauri irin wanda ban zaci yana da shi ba, ya tsaya a kan ramukan uku. Ya tsuguna, ya tsinci wani ɓallin tukunya da muka bari, ya juya shi a hannu.

"Malam, me kayan nan suka yi muku?"

"Tsoho, ka gode wa Allah. Mun raba ku da shirka."

Baba ya dube shi kamar yadda ake duban mara lafiya. Ya ce a wannan lokaci na shekara hadari yana tasowa a tafkin nan ba sallama. Masunci yana cikin ƙaramin kwalekwale, sai ya ga sama ta yi baƙi, ba zai kai gida ba. Gorar nan yake nema da ido, ya nufo ta. Wani ya kwana ɗaya, wani biyu, jiƙe sharkaf, kafin ruwa ya kwanta. Ya kunna wuta, ya jiƙa gari, ya rayu. In ya koma gida ya dawo ya mayar da abin da ya ci. Kowane gungu da nasa tukwanen, tun kafin a haifi wasunmu.

Malam ya ce, "To duwatsun can fa? Na yanka?"

"Waɗanne duwatsu?" Baba ya waiwaya, ya ga wurin wayam. "Masallacin? Alƙibla ce, Malam. Don wanda ya rasa gabas."

Wata daga bayana ta fashe da dariya ta toshe baki. Malam ya hau gyaran hula.

Anti ce ta shiga tsakani da muryar da take yi wa yara jawabi. Ta ce ba komai, ƙungiya za ta kawo musu bokitan roba masu murfi, sun fi tsabta, har da tambarin ƙungiya a jiki. Baba ya ce roba rana ke fasa ta, iska kuma ta tafi da ita, sannan wanda hadari zai kama yau da yamma ba zai jira bokiti ba. Ya roƙa a bar masa gorar ya mayar. Ta ce a'a, tana cikin kayan da za a nuna a makaranta. Baba ya ja layi a kan yashi da ƙafarsa, ya ta da salla, Malam ya bi shi a baya ba kunya.

Da la'asar muka dawo kwata. Ba sai an yi wa kowa bayani ba, gora mai jan tsumma tana leƙowa daga cikin jirgi. Kafin mu gama fitowa mutane sun taru. Sarkin jirgi ya kashe rediyonsa, ya sa aka zazzage buhu ɗaya a gabansa. Ya tura wasu masunta biyu da tukunya da itace su koma gungun kafin duhu, sannan ya juyo.

"Magana ɗaya ce," in ji shi. "In Baba ya faɗa muku kuka ƙi ji, laifin naku ne. Ku baƙi ne, ba abin da za mu yi muku sai dai mu ce kada ku ƙara zuwa. In bai faɗa ba, laifin nasa ne. Hajiya, ya faɗa?"

Anti ta cire tabarau, ta zaro ido kamar wadda aka yi wa ƙazafi. "Ni? Ba wanda ya ce mini komai. Da mun sani ai ba za mu taɓa ba. Mu da muka zo taimakonku."

"Malam fa?"

Malam ya dubi sama, ya dubi agogo. "To, ni dai gaskiya ban ji ba. Ka san ƙarar inji."

Ko tayar da injin ba a yi ba lokacin da aka faɗa masa.

Baba ya ce, "Na faɗa, sarki." Sau ɗaya ya faɗi haka, bai rantse ba.

"Biyu da ɗaya ke nan. 'Yan mata, akwai wadda ta ji?" Sarkin ya bi mu da kallo har ya tsaya a kaina. "Ke 'yata, ai na gan ki da jaka kusa da su da safe. Kin ji wani abu?"

Duk jama'ar kwatar suka zuba mini ido. Ina jin ƙamshin turaren Anti a gefena. Na tuna Malam ne zai duba takardunmu na jarrabawa. Na sunkuya ina kallon takalmina, har yau ina iya tuna yashin da ya maƙale a jikin maɓallin. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

"Kunya gare ta," in ji Anti, tana shafa mini kai. "Yarinyar kirki ce."

Muna shiga bas ana kwance injin jirgin Baba. Maza suka taru suka jawo jirgin kan tudu, suka kife shi. Baba ma ya sa hannu ya taya su ja.

Ranar Litinin aka yi taron safe na musamman. Aka jera buhunan a gaban ɗalibai, aka kira mu ɗaya bayan ɗaya ana tafi, aka ba kowa takardar yabo. Hotunan suka hau allon sanarwa, na kafin aiki da na bayan aiki. Malam ya yi jawabi a kan jarumta. Rahoton da aka manna a ƙasan hotunan Anti ce ta faɗa ni na rubuta, da kyakkyawan rubutuna, cewa mun ceto wani tsibiri da jahilci ya ɓata. Bokitan kuwa har yau ana jiran su.

Sai bayan mako uku na iya faɗa wa wani. Gwaggona tana saro busasshen kifi daga wajajen nan ta kawo kasuwar Kontagora. Ita na samu a ɗaki na kwashe komai na gaya mata, ina kuka. Ba ta rarrashe ni ba. Ta ce, "Kukan me? Bakinki ne ya yi laifi, shi zai je ya gyara." Ranar kasuwar ƙauyen ta tafi da ni.

Na tsaya gaban sarkin jirgi, na faɗi abin da na ji kalma bayan kalma. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "'Yata, ai mun sani. Shekara nawa muke tare da shi, bai taɓa yi mini ƙarya ba. Amma hukunci ba a kan sanina nake yinsa ba, a kan shaida nake yi. Ranar nan baki ɗaya na nema a gaban jama'a, ban samu ba. Abin da aka yanke a gaban jama'a kuwa ya zauna." Haka jirgin ya ci gaba da zama a kife har daminar ta wuce, lokacin da masu jirgi suka fi samun abin ciyar da gida.

Na raina Anti, har yau ina raina ta, ita da duk mai zuwa gyaran wuri kafin ya tambayi masu wurin me suke yi. Na raina Malam fiye da ita, domin shi ya fahimta a gungun, kuma ya zaɓi ƙarya a kwata. Amma su biyun ba su isa su kife jirgin nan ba sai da na taya su. Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, ganin ƙananan abubuwa ba shi da amfani ga kowa in mai ganin ba zai buɗe baki ba, kuma akwai shirun da mutane ke yabawa da sunan kunya alhali tsoro ne kawai. Tun daga nan, in aka ce wa ya ji, ko muryata na rawa sai na ce ni.

A ranar, kafin mu bar kwatar, Gwaggo ta nuna mini Baba da baki. Yana zaune a inuwar jirginsa, yana ɗinkin komar kamun kifin wani. Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya ƙura mini ido, ya ce, "A'a, mai jaka ce? Yaya karatu?"

Na ce, "Baba, na ji lokacin da ka faɗa musu. Na ji duka, na yi shiru. Don Allah ka yafe mini."